Injin yankan katakon Baba ya cije: in tashe shi ko in sayi ɗan Chana?

Ɗan Gwaram:
Assalamu alaikum manyanmu. Shawara nake nema. Akwai tsohon injin yankan katako mai sarƙa da mahaifinmu ya bari, Allah ya ji ƙan sa, Stihl 070 ne, na Jamus, tun ina firamare nake ganin sa a ɗakin ajiya. Ya fi shekara shida ba a taɓa shi ba. Da damina iska ta kayar mana da darbejiya biyu a gona, na ce maimakon in biya afareta bari in gwada namu. Na wanke shi, na sa sabon fulogi, ya tashi a ja na biyar. Kwana biyu ina aiki lafiya lau. A rana ta uku ina cikin tsaga gungume sai na ji muryarsa ta yi sama, ta zama siririya, ko na saki maƙura ba ya sauka. Can sai ya ɗauke ɗif. Na ja igiya ta ƙi motsi. Bakaniken babur na garinmu ya buɗe salansa ya leƙa, ya ce fistin ya ci, a kai silinda Kano a yi mata borin, wato a faɗaɗa cikinta, a sa babban fistin. Yayana kuma ya ce kada in ɓata kuɗi a kan gawa, in sayar wa 'yan gwangwan in cika in sayi sabo ɗan Chana. To ni dai zuciyata ba ta ba ni ba. Me kuka gani?

Ado Afareta:
Wa alaikumussalam. Gaskiya yayanka ya fi ka gaskiya. Ni ɗan Chana nake riƙe da shi shekara ta uku ke nan a yankin Tudun Wada, kuma da shi nake ci da iyali. Kamarsu ɗaya da 070 sak, har launin. In ya lalace ka shiga Sabon Gari ko Ƙofar Ruwa ka sayo kayansa da araha, kafin la'asar ka dawo bakin aiki. Ƙaunar kayan gado daban, neman abinci daban.

Baba Bakanike:
Yaro, kafin komai: kada ka bari a kai silindar nan borin. Bakanikenku ba mugu ba ne, da idon babur ya kalle ta. Silindar babur tana da rigar ƙarfe mai kauri a ciki, shi ya sa ake iya faɗaɗa ta. Ta wannan inji alminiyam ce, an yi mata wani siririn shafe mai tsananin tauri a ciki, bai kai kaurin takarda ba. Aka sa mata injin borin, shafen ya tafi, saura tsurar alminiyam, ringi zai cinye ta kafin ka ƙarar da tanki ɗaya. Na ga an kashe silinda mai kyau ta wannan hanya ba sau ɗaya ba.

Na biyu. Ka ce muryarsa ta yi sama kuma ya ƙi sauka. Wannan maganar ita ce ta fi min komai muhimmanci a duk abin da ka rubuta. Fistin ba ya ci haka kawai. Wani abu ne ya kashe shi, kuma abin yana nan a cikin injin yana jiran sabon da za ka saka. Faɗa min abu uku: wane mai ka gauraya da fetur, nawa ka zuba, kuma wane launi kan fulogin ya yi?

Ɗan Gwaram:
Na gode Baba. Baƙin mai na babur na zuba, irin na galan da ake aunawa a bakin hanya. Awo kuwa da ido na yi, sai da fetur ɗin ya canza launi. Fulogi yanzu na ciro shi, kansa fari ne fat kamar toka.

Baba Bakanike:
To ka ji. Laifi biyu ne suka haɗu, amma farin fulogi ya nuna babban. Injin yana shan iska ta inda bai kamata ba.

Bari in yi maka dalla-dalla, don ko waɗanda ke karantawa su amfana. Wannan inji ba shi da wurin zuba baƙin mai kamar mota. Man da ka gauraya a fetur shi kaɗai ne ke shafa fistin da boris, kuma sai ya bi ta cikin akwatin karanshaf kafin ya hau sama ya ƙone. Akwatin nan dole ya kasance a rufe ruf. A gefe biyu na karanshaf akwai sil na roba, ɗaya bayan fulawil, wato faifan da igiyar tayarwa ke juyawa, ɗaya bayan kuloci mai jan sarƙa. Inji ya shekara shida a ɗakin kwano, zafin bazara ya gasa shi, hunturu ya busar da shi, me kake tsammani robar ta zama? Ta ƙeƙashe. Da ka tashe shi ta fara tsagewa, iska ta riƙa shiga, fetur ya yi kaɗan a cikin haɗin, mai ma ya yi kaɗan. Inji ya yi ta gudu yana ƙara zafi, kai kana jin daɗi wai ya ƙara ƙarfi. Fistin ya kumbura ta gefen salansa, inda wuta ta fi yawa, ya narke ya manne a bango. Shi ke nan.

In ka sa sabon fistin ba ka taɓa sil ba, na ba ka kwana uku, za ka dawo nan da labari iri ɗaya.

Injiniya Ringim:
Na goyi bayan Baba. Kuma Ɗan Gwaram, ka san abin da ke hannunka kuwa? Asalin wannan zubi tun 1959 ne, lokacin da kamfanin Stihl ya fito da wani inji mai suna Contra. 070 ya biyo baya a 1968, tare da yayansa 090. Naka cc 106 ne, faɗin fistin milimita 58, ƙarfin doki shida da rabi. 090 kuwa cc 137, fistin milimita 66. Ba injin gudu ba ne. Ƙananan injinan zamani sukan haura juyi 12,000 a minti, shi kuwa wajen 7,000 zuwa 8,000 yake aikinsa, amma in ya dafa gungume ba ya ja da baya. Shi ya sa masu tsaga katako a Najeriya suka riƙe shi, kuma shi ya sa 'yan Chana suka zaɓe shi suka kwafa. Ba a kwafar abin banza.

Ado Afareta:
Injiniya, tarihi ba ya tsaga katako. Ku faɗa masa nawa zai kashe. Fistin na asali kaɗai in ya same shi, kuɗinsa zai ba shi tsoro. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 komai ya tashi, fetur ɗin da za a zuba ma aiki ne. Mutum yana da darbejiya biyu kacal a ƙasa kuna so ku mayar da shi bakanike.

Alhaji Mai Katako:
Ado, ina da tambaya. A shekara ukun nan fistin nawa ka canza?

Ado Afareta:
Alhaji ai ka san aiki. Huɗu, da kwayil biyu. Igiyar tayarwa kam ban ƙirga ba.

Alhaji Mai Katako:
To madalla, ka amsa da bakinka. Ni ina da guda uku a hannun yarana, biyu 'yan Chana, ɗaya tsohon na Jamus da na saya kwance. Ba na zagin ɗan Chana, ya rufa wa mutane da yawa asiri, kuma wani sa'in kana dace da mai kyau. Matsalarsa ba ka san wanda za ka samu ba sai ka buɗe kwali, kamar auren da ba a ga amarya ba. Zaren notinsa yana saurin cinyewa, kuma gangar jikin ba ta jure faɗuwa. Tsohon kuwa sau biyu muka sauke shi gaba ɗaya, har yau gangarsa ba ta ce uffan ba. Abin da nake yi yanzu: gangar jiki da karanshaf na Jamus, ƙananan kaya irin su murfi da igiya da matatar iska na Chana, tunda suna shiga juna. Amma sil da ringi ba na wasa da su, mafi kyau nake nema ko nawa ne.

Ɗan Gwaram:
Baba, to ta yaya zan tabbatar sil ɗin ne? Mu nan ba mu da na'urar gwaji.

Baba Bakanike:
Kana da ita, ba ka sani ba ne. Nemo tsohon tib na babur, famfon keke, tsohon fulogi, da ruwan omo a kofi.

Ka fasa farin tangaran ɗin tsohon fulogin ka fitar da cikinsa, saura ƙarfen mai zare. Ka yanko bawul daga tib ka cusa a ramin ka liƙe da gam mai ƙarfi, ka bar shi ya kwana. Ka cire salansa da kafireta, ka yanka robar tib ka toshe ramukan biyu, ka mayar da su a kai ka ɗaure don su danne robar. Ka cire fulawil da kuloci don ka ga sil da idonka. A nan ka yi hankali: kada ka ɗauki guduma ka doki kan karanshaf don fulawil ya fita, ka nemi abin zaro shi wurin masu gyaran janareto. Sai ka ɗaura fulogin nan naka, fistin yana ƙasa, ka ba shi iska kaɗan. Kaɗan na ce, bugu biyu ko uku, ba tayar Bajaj kake hurawa ba, rabin "bar" na ma'aunin iska kawai ake so. Ka shafa ruwan omo a kan sil biyu, da gindin silinda, da layin da gangar ta haɗu. Inda ka ga kumfa tana tasowa, nan ɓarawon yake.

Amma tunda fistin ya cije, fara sauke silindar tukuna. Ka zuba ɗan mai ta ramin fulogi ya kwana, ka kwance notin gindi, ka riƙa jijjiga ta a hankali har ta saki. Ka ɗauko mana hoton cikinta. Gwajin iskan sai ka mayar da ita.

Malamar Gona:
Ku yi haƙuri in sa baki a maganar maza. Duk na karanta, babu wanda ya ce komai game da bishiyoyin. Mu da ke aikin raba dashe a ƙauyukan Jigawa mun san abin da injin nan ke yi. Tsamiyar da ta shekara ɗari, mai gatari zai kwana biyu yana fama, kafin nan mai gari ya ji labari. Mai inji kuwa kafin a idar da sallar walha ya kwantar da ita. Ku je ku ga yadda ƙirya da marke suka yi wuya, masu sassaƙa turmi ma sai sun yi tafiya. Ana ta dasa katangar bishiyoyi a kan iyakarmu da Nijar don tare hamada, ku kuna nan kuna koya wa juna yadda za a tayar da wanda ya mutu.

Ado Afareta:
Hajiya, rufin ɗakinki da me aka yi shi? Bencin makarantar yaranki fa?

Malamar Gona:
Da katako, Malam Ado, ban musa ba. Tambayata ita ce wa ya dasa madadin wadda aka sare.

Ɗan Gwaram:
Hajiya maganarki gaskiya ce, amma nawa iska ce ta kayar, suna kwance a kan gyaɗa. Kuma mahaifinmu ne ya dasa su da hannunsa, layi guda, goma sha ɗaya. Saura tara.

Alhaji Mai Katako:
Hajiya ba ta yi ƙarya ba. Kuma ko ba don komai ba, a Kano gwamnati ta sanar a 2025 cewa amfani da irin wannan inji sai da izini. Ku na Jigawa ma ka leƙa wurin malaman daji na ƙaramar hukumarku kafin ka fara yawo da shi a bayan babur, kada a ƙwace maka kayan gado a hanya. Mu koma kan gyara.

*Bayan kwana huɗu*

Ɗan Gwaram:
Salam. Silinda ta fita. Fistin ta gefen salansa ya yi kaca-kaca, kamar an ja shi a kan kwalta, ringi biyun sun nutse a cikin raminsu ba sa motsi. Gefen kafireta kuwa sumul. A cikin silinda akwai wasu layuka fari-fari masu kauri daga ramin salansa zuwa sama. Bakanikenmu ya ce ta mutu.

Baba Bakanike:
Na ga hoton. Kada ka yi mata sallah tukuna. Sa farcenka a kan layin. Tudu ka ji ko rami?

Ɗan Gwaram:
Tudu ne Baba. Farce yana hawa kansa.

Baba Bakanike:
Alhamdu lillahi. Wannan ba ciwon silinda ba ne, naman fistin ne ya narke ya manne a kan shafen. Shafen yana ƙasa da ransa. Nemo samfefa mai laushi, ka jiƙa da kananzir, ka naɗe a yatsa, ka riƙa gogawa a kewaye, ba sama da ƙasa ba. Zai ci maka yini, ka sa rediyo. Alminiyam ɗin zai riƙa fita yana baƙanta kananzir, shafen kuwa ya fi ƙarfin samfefar. Ka ci gaba har farce ya wuce bai ji komai ba. In ka bar ko ɗan ƙanƙane, zai kama sabon ringi. Wasu suna ɗiga asid don ya cinye shi da sauri, amma ban ba ka shawara ba, in ya sami ƙaramin rami a shafen zai shiga ƙarƙashi ya yi ɓarna, ga haɗarin ido. In ka gama ka ga rami mai zurfi a saman ramin salansa, wanda farce ke faɗawa, to a nan ne za mu yi maganar wata silinda.

Injiniya Ringim:
In ma ta mutu, dama ce. Ka sa silinda da fistin na 090, suna hawa kan gangar 070 tunda tafiyar fistin ɗinsu ɗaya ce, milimita 40. Ka tashi da cc 137.

Baba Bakanike:
Injiniya, Allah ya shirye ka. Yaron da bai taɓa riƙe inji ba sai bana za ka ɗora wa 090? Kulocin 090 ma ya fi na 070 girma, ba banza aka yi shi haka ba. Kuma wannan tsohon zubi ba shi da birkin sarƙa irin na injinan yanzu. In hancin ƙarfen da sarƙa ke zagayawa a kai ya taɓa wani abu ya yi tsalle ya dawo, babu abin da zai tsayar da sarƙar sai abin da ta samu. Akwai wani yaro da ya yi aiki a hannuna, har yau ba ya iya ɗaga hannun hagu sama da kafaɗa. Bar shi a yadda Bajamushe ya yi shi.

Ado Afareta:
A nan kam ina bayan Baba. Kuma Ɗan Gwaram, tunda ka nace, ga nawa guzurin. Kada ka yanka da hancin ƙarfe. Kada ka yi aiki da silifa. Darbejiyar da ta kwanta a gona ɓawonta cike yake da yashi, ka ɓare shi da gatari a inda za ka yanka, in ba haka ba kowane minti goma kana wasa sarƙa. Sarƙar 070 babba ce, magagari mai kauri milimita 5.5 take so. In tsaga za ka yi a tsaye don fitar da falanki, a wasa haƙoran kusan a miƙe, wajen digiri 10, in gunduwa-gunduwa ne 30. Giginya kuwa in aka kira ka aikin azara, ka wanke injin a ranar, ruwanta yana cin gangar jiki.

Injiniya Ringim:
Gaskiya ne, domin gangar magniziyam ce, ba alminiyam ba. Don haka ko ta tsage kada ka kai wa mai walda na bakin kasuwa ya sa mata wuta kai tsaye, tana iya kamawa, kuma ruwa ba ya kashe wutarta. Mai shakka ya kankare wuri kaɗan ya ɗiga ruwan binega: magniziyam zai yi kumfa, alminiyam ba zai yi ba.

*Bayan mako biyu*

Ɗan Gwaram:
Manyanmu, ga rahoto. Silinda ta goge tas, sai wani ɗan zane a ƙasan ramin salansa da farce ba ya kamawa. Na shiga Kano na samo fistin da ringi da sil biyu da gasket da robobin kafireta. Wani mai shago ya so ya sayar min da fistin a kwali mai tambarin asali, na fito da tsohon na haɗa su, na ga ramin fil ɗin da ke riƙe fistin bai yi daidai ba, na ajiye masa na yi gaba. Kafin in cire tsofaffin sil na yi gwajin Baba don in gani da idona. Wallahi bugu biyu na yi, gefen fulawil ya fara tofar da kumfa kamar yaro yana wasa da sabulu. Da na zaro sil ɗin, a hannuna ya rabe biyu. Robar cikin kafireta ma ta bushe kamar ganda. Bayan na sa sababbi na sake gwadawa, shiru, ko ƙwaya ɗaya.

Saura haɗa fistin. Akwai kibiya a kansa, ina take kallo?

Baba Bakanike:
Salansa take kallo. Ka sa sababbin kilif na fil, kada ka mayar da tsofaffin, kuma ka toshe bakin akwatin karanshaf da tsumma kafin ka fara, don in kilif ya yi tsalle ya faɗa ciki sai ka sake rabe injin. Bakin kowane ringi ya zauna a kan ɗan ƙusar da ke cikin raminsa. Ka shafa mai a komai. Silinda ta shiga da hannu, in ta ƙi, ringi ne ya hau ƙusa, kada ka tilasta.

Maganar mai kuma, daga yau ka bar awon ido, ka bar baƙin man babur. Man inji mai bugu biyu za ka nema, wanda aka rubuta 2T. Tsohon awon wannan inji kashi 1 cikin 25 ne, wato mililita 40 a litar fetur. Sayi sirinji babba a kemis ka ajiye don wannan kaɗai. Ka gauraya a jarka ka girgiza, ba a cikin tanki ba. Sukurorin kafireta biyu, mai L da mai H, ka ɗaure su a hankali har su tsaya, ka warware kowanne zagaye ɗaya, daga nan ake fara saiti. Gara ya yi ɗan hayaƙi yana gurnani da ya yi siririyar muryar nan da ka ji. Akwai kuma wani ɗan faifai kusa da fulawil da iska ke turawa, yana haɗe da cok, shi ke hana injin wuce gudunsa. Yara suna cire shi wai inji ya ƙara wuta. In naka yana nan, bar shi.

Alhaji Mai Katako:
A ƙara masa da man sarƙa, Baba. Yarana ƙonannen baƙin mai suke zubawa, na hana sun ƙi ji.

Ado Afareta:
Alhaji kowa shi yake zubawa. Wa zai sayi sabon mai ya watsar a daji?

Baba Bakanike:
Kowa yana yi, kuma kowa yana sayen famfon mai da ƙarfen sarƙa kafin lokacinsu. Garin ƙarfe ne a cikinsa. In ba ka da hali ka sayi sabon baƙin mai mafi araha, wannan kam ko na bakin hanya ya wadatar.

Ɗan Gwaram:
Ya tashi! Yau bayan la'asar, ja na uku. Hajiyarmu tana cikin gida ta fito da gudu ba mayafi, ta tsaya a bakin zaure ta kasa magana, ta ce muryar ce sak. Na bar shi ya yi ta bugawa a hankali, na saki maƙura ya sauka da kansa. Na ƙone tanki ɗaya a ƙananan rassa kamar yadda Baba ya ce min a waya, na ciro fulogi, kansa ya yi ruwan ƙasa. Yayana da ya ce a kai wa 'yan gwangwan shi ne ya fara tambaya ko zan ara masa ranar Asabar.

Ado Afareta:
Barka. Kada ka ara masa. In ya matsa, ka bi shi da jarkarka da sirinjinka.

Malamar Gona:
Barka da arziki. Gurbin biyun nan da iska ta kayar, in damina ta kama ka turo yaro, ina da dashen darbejiya da na maɗaci.

Ɗan Gwaram:
In sha Allahu Hajiya, maɗaci nake so. Baba, wata tambayar: yana tashi lafiya da sanyi, amma in ya yi zafi na kashe shi sai ya huce kafin ya sake kamawa. Na duba wutar fulogi a lokacin, ja-ja ce mara ƙarfi. Nawa mai kwantak ne a bayan fulawil, wato ɗan makunnin da ke sa fulogi ya ba da wuta.

Baba Bakanike:
Kwandensa nake zargi, ko kwayil. Fara goge bakin kwantak ɗin ka saita tazararsa milimita 0.4, ka gwada. In bai daina ba ka kawo min shi Wudil ranar Juma'a, ina da tsohuwar kwandensa a cikin gwangwani. Ka taho da fulogin da ka yi wa bawul, nawa wani ya ara bai dawo da shi ba.